Yadda Za Mu Ƙare Fim ɗin Hediye

Litinin, 4 ga Satumba, ƙarfe bakwai na yamma

Mun iso! Motoci shida, mutum arba'in da ɗaya, da kyamarori biyu da daraktanmu Tayfun Hoja ba ya yarda ko numfashi a yi kusa da su. Shekara shida ina yawo da labarin nan a jaka daga ofis zuwa ofis a Istanbul, yau ga shi za mu ɗauki mako ukun ƙarshe a garin da aka binne cibiyata. Da muka sha kwanar tsohuwar tashar lodin kwal teku ya bayyana, Feraye, jarumarmu, ta leƙa ta taga ta ce ashe duk abin da na rubuta gaskiya ne, har da warin. Na yi dariya har da hawaye.

A shagon shayi na bakin dandali mai shagon ya tambaye ni fim ɗin na mene ne. Na ba shi a gurguje: wata mata ce, Hediye, mijinta ya mutu a ramin kwal saboda helima, shugaban ma'aikatan ramin, ya ga alamar gas ya ce a ci gaba da aiki. Kotu ta ba heliman shekara huɗu, ya fito yana yawonsa. A ƙarshe Hediye ta tare shi a ƙofar rami da bindigar farautar mijinta ta harbe shi.

Ya daɗe yana goge kofi ɗaya. Sannan ya ce, "Ke Nevra ce, 'yar Nazmi, ko?" Na ce e. Ya ƙi karɓar kuɗin shayin.

Talata, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Fitowa huɗu muka ɗauka, duka sun yi kyau. Feraye ta ɗaura ɗankwali irin na matan nan, ta ɗauko bokiti ta hau matakalar unguwar sama, wata tsohuwa ta tsayar da ita a tsakiyar ɗauka tana tambayarta ko jikar wane ce. Hoja ya hana a yanke. Ya ce wannan kyauta ce daga Allah.

Na je gida. Inna tana shanyar findik, ƙwayar nan mai ɓawo kamar gyaɗa, a tsakar gida, ta rungume ni, ta ce na rame, ta zuba min miyar baƙin kabeji da burodin masara. Na ce ta zo ta ga yadda ake aiki, akwai kujera da sunana a jiki, zan ba ta. Ta ce ƙafarta na ciwo. Ƙafar da take hawa matakala ɗari biyu da ita kullum zuwa kasuwa.

Alhamis, 7 ga Satumba, ƙarfe ɗaya na rana

Garin nan kaf ya zama 'yan fim. Mun nemi mutum ɗari biyu da za su cika fage a fitowar ƙarshe, sama da ɗari huɗu suka rubuta suna. Mai aski ya zo da hotonsa na soja. Limamin masallacin ƙasa ya ce in ana buƙatar liman a fim, me zai sa a ɗauko na ƙarya.

Kawu Rustem ya iso yau, shi ne zai fito a helima. Shekararsa saba'in da ɗaya, ya mutu a fim sau tamanin da shida, shi da bakinsa ya ƙirga. Ya ce min, "'Yata, ki ba ni mutuwa mai kyau, gwiwoyina sun daina yarda da faɗuwar banza." Ina son tsohon nan.

Ƙofar ramin rana ɗaya tak aka ba mu izini, 21 ga wata. Saura kwana goma sha huɗu.

Juma'a, 8 ga Satumba, da magariba

Akwai wani da ya tsaya a bayan igiyar da muke kange 'yan kallo. Ban duba ba.

Asabar, 9 ga Satumba, ƙarfe huɗu

Yau aka ɗauki fitowar kotu a tsohon ɗakin taron ƙungiyar mahaƙa. Da alƙalin fim ya ce shekara huɗu, matan da muka zaunar a benci ba wanda ya ce musu su yi komai, amma wani irin nishi ya fito daga ƙirjinsu gaba ɗaya. Bulent mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya dube ni, tsikar jikinsa a tashe. Wannan fim ɗin zai yi. Na rantse zai yi. Ji nake kamar in hau kan rufin otal in yi ihu.

Ya sake zuwa. Hula ce irin ta da, sanda kawai ta ƙaru. Mutane sun bar masa fili dama da hagu kamar wanda ya taka wani abu. Lafiyata lau.

Lahadi, 10 ga Satumba, da hantsi

Ranar hutu, amma Hoja ya kira ni da Feraye karin kumallo, na kuwa san da magana. Sai da ya gama shafa zuma a burodi ya ce shafi ukun ƙarshe suna damunsa. Wai tun farkon fim muna cewa a yi adalci, sai a minti na ƙarshe mu ce a yi harbi. Feraye ta sa baki ta ce ta gwada a ɗaki da sandar goge-goge sau ashirin, hannunta ba ya yarda, Hediyen da ta sani ba za ta tsaya a nan ba.

Na ce Hediyen da ta sani wata biyu ni na san ta shekara talatin da biyu. Ban so na faɗi adadin ba.

Furodusa kuma ta waya yana goyon bayana. Ya ce harbin shi ne abin da mutane za su sayi tikiti don su gani. Karon farko ke nan da na ji haushi don wani ya goyi bayana.

Talata, 12 ga Satumba, ƙarfe shida na safe

Ba na canza ko wasali ɗaya.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ruwa ya hana mu ɗauka a waje, muka koma cikin gidan Hediye. Feraye tana wanke hular kwanon mijin, ba magana, minti uku cur. Masu fitila suna share ido a ɓoye. Hoja ya sumbaci goshina a gaban kowa ya ce wa ya koya min rubuta shiru haka. Ban ce masa a bakin famfon gidanmu na gani ba.

Laraba, 13 ga Satumba, bayan azahar

Kawu Rustem ya ci amanata. An nemi shi don gwajin kaya ba a gan shi ba, ashe ya hau tudu, gidan mutumin bayan igiya, heliman gaskiya. Sa'a uku suka yi suna shan shayi. Ya sauko da kwalbar zuma a hannu, ko kunya babu.

Na same shi a motar kwalliya. Ban san duk abin da na faɗa ba, amma mai kwalliyar ta fita ta ja ƙofa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi sana'arsa ke nan, ba ya sa rigar mutum sai ya ga yadda mai ita yake ɗaure maɓalli. Ya fara ba ni labari: wai mutumin shi kaɗai ne a gidan, matar ta rasu, 'ya'yan sun koma Jamus sun canza sunan gida, ƙudan zuma yake kiwo. Wai tunda ya fito daga kurkuku ba wanda ya taɓa zama teburi ɗaya da shi a shagon shayi. Na ce ban tambaye shi ba.

"Ya tambaye ni yadda fim ɗin zai ƙare," in ji Kawu. "Na gaya masa."

Na ce me ya ce.

"Ya ce daidai ne."

Na fita na bar shi da zumarsa.

Alhamis, 14 ga Satumba, da safe

Daidai ne. Wa ya ba shi ikon cewa daidai ne?

Alhamis, da yamma

Mun ɗauki jerin mahaƙa suna tafiya aiki da asuba, fitilu a goshi, hazo na tasowa daga teku. Tsofaffin mahaƙa na gaske ne, su suka gyara mana yadda ake rataya fitila, suna ta yi wa mataimakin darakta dariya wai ya riƙe gatari kamar mai riƙon cokali. Abin ya yi kyau har Hoja ya yi rawa a kan titi. Ni ma na taka.

Bai zo ba yau. Ba wai na duba ba ne.

Asabar, 16 ga Satumba, ƙarfe uku

Labarin rigimarmu ya fita gari, kowa ya zama marubuci. Mai aski ya ce a harbe shi sau biyu. Liman ya ce a bar wa Allah. Matar da ke dafa mana abinci ta ce ita da za a tambaye ta, a jefa shi cikin ramin a rufe ya ɗanɗana. Direban motar janareto ya sa caca da masu fitila a kan kwalin sigari. Ina tafiya a titi ana kirana da Abla, wato Yaya, "Abla, ta harba ko ba ta harba ba?" Ina dariya ina cewa su sayi tikiti. Daɗi nake ji, wallahi daɗi nake ji, gari guda yana maganar abin da na rubuta a teburin kicin.

Sai dai na lura ba wanda ya ambaci sunan kowa. Kullum "heliman fim". Su ma sun iya abin da na iya.

Saura kwana biyar.

Lahadi, 17 ga Satumba, bayan la'asar

Zan rubuta wannan yadda ya faru kafin in fara yi masa kwaskwarima.

Na je gida da takardun a jaka. Inna tana gyaran ɗanyen wake a baranda. Na ce zan karanta mata ƙarshen, ta ce ba sai na karanta ba, an riga an kawo mata shi har gida sau biyar. Na ce to me ta gani. Ta ci gaba da ɓalle kan wake. Na ce don ita na rubuta, don Baba. A nan ta ajiye kwanon.

"Don ni? Ke kin tafi Istanbul kina kashe shi a takarda. Ni nan nake haɗuwa da shi a layin burodi shekara ashirin da takwas. Da mutuwarsa nake so, bindigar ubanki tana saman kabad, ba tsatsa ta yi ba."

Na ce to me take so.

Ta ce ni ina da shekara goma sha biyu, ba a bar ni na shiga kotu ba, don haka ban ji ba. Kwana uku yana ba da shaida, bai kira sunan mutum ko ɗaya ba. Lambar fitila yake kira. Fitila ta arba'in da bakwai tana sashe kaza, fitila ta sittin ta koma ƙasa. Mutum goma sha tara, ya ci abinci a gidajen rabinsu, shi ya yi wa Baba wakilin ango, amma ya mayar da su lamba don kada harshensa ya taɓa su.

"Arba'in da bakwai," ta ce. "Ubanki ke nan. Ni abin da nake jira ya buɗe baki ya ce Nazmi. Shi ke nan."

Ta ɗauki kwanonta ta ce in miƙo mata wuƙa.

Litinin, 18 ga Satumba, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Na same shi! Na same shi! Ga sabon ƙarshen: Hediye za ta ɗaga bindigar, ba za ta harba ba, ba za ta sauke ba kuma. Za ta ce masa: kira su. Ɗaya bayan ɗaya, a gaban gari. In ya tsaya ta gyara riƙo. In ya gama, fim ya ƙare a kan fuskarta.

Litinin, da azahar

Na buga wa Hoja ƙofa yana aski, ya karanta da kumfa a rabin fuska, ya zauna a bakin gado, sannan ya ce in tafi kafin ya yi abin kunya. Feraye ta ɗaga ni sama a gaban otal. Furodusa ya yi ta faɗa a waya, wai wa zai biya lira ɗari da wani abu ya je ya saurari kiran rajista. Hoja ya ce masa layin ba kyau, ya kashe.

Kawu Rustem ya karanta ya ce, "Ashe ba zan mutu ba. Gwiwoyina sun gode." Na ce har yanzu ina fushi da shi. Ya ce ya sani, in ci gaba, yana yi min kyau. Na ƙirƙiro masa sunaye goma sha tara, ba ko ɗaya na garin nan. Na gaskiyar ba nawa ba ne ni kaɗai.

Laraba, 20 ga Satumba, da magariba

Gobe. An gwada kaya, an shimfiɗa layin kyamara. Na kasa cin komai sai shayi, kofi goma sha ɗaya. Na aika wa Inna cewa na canza ƙarshen, ban ce ta zo ba.

Alhamis, 21 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Mutum ɗari biyu a ƙofar rami, wasu ɗari uku a bayan igiya. Rana ta fito mana kamar mun yi oda. Ɗauka ta farko Kawu Rustem ya yi tuntuɓe a suna na bakwai. Ta biyu jirgin ruwa ya busa ƙaho. Ta uku komai ya zauna. Feraye ta ɗaga bindigar, ta ce kira su, muryarta ƙasa-ƙasa amma har bayan fage an ji. Kawu ya kira goma sha tara ɗin, ɗaya bayan ɗaya, hular tana hannunsa. Hoja ya bar kyamara a kan fuskar Feraye har na ɗauka ya manta da mu. Sannan ya ce a yanke. Ba wanda ya tafa. Ba wanda ya motsa.

A cikin wannan shirun wata murya ta taso daga bayan igiya.

"Satilmish Oruch."

Na san muryar kafin in juya. Ya cire hula, ya jingina sandar a jikin igiya, yana tsaye shi kaɗai a filin da aka saba bar masa. Wata mata a cikin 'yan cika fage ta dafe baki. Ya ce, "Ramiz Oruch." Ƙanen na farkon. Ya ce, "Hidayet Kalayji." Haka ya yi ta tafiya, ba takarda, ba gaggawa, kowane suna da sunan gida. Duk wanda ya kira sai ka ga wani wuri a cikin taron ya motsa. Wani saurayi ya yunƙura zai nufe shi, tsofaffi biyu suka riƙe shi.

Ina ƙirgawa da yatsu ban sani ba. Goma sha takwas. Ya tsaya. Bakinsa na motsi, ba abin da ke fita.

Sai na ga inda yake kallo. Inna ce, can gefe kusa da motar janareto, da jakar kasuwa a hannu. Ban san lokacin da ta zo ba. Ba ta matso ba, ta tsaya kawai tana dubansa. Ban san tsawon lokacin ba. Bulent ya ce daga baya daƙiƙa hamsin ne. Ni na ɗauka an yi la'asar an yi magariba.

"Nazmi," ya ce. "Nazmi Demirji. Ni na mayar da shi ƙasa."

Inna ta gyaɗa kai sau ɗaya, irin na wanda aka ba shi canjinsa daidai. Ta juya ta kama hanyar gida. Shi kuma ya mayar da hularsa, ya lalubi sandar, ta faɗi. Ba wanda ya ɗauko masa, sai Kawu Rustem da ya tsallaka igiya da kayan helima a jikinsa ya miƙa masa.

An gama fim. An gama! Ana ta rungume-rungume, ni ina zaune a kan akwatin fitila.

Juma'a, 22 ga Satumba, da hantsi

Bulent bai kashe na'ura ba jiya. Ya kama komai, tun daga suna na farko. Hoja ya saurara sau uku, idonsa na ƙyalli, ya ce mu sa shi a ƙarshe a kan baƙin allo, duniya za ta girgiza. Gaskiya ya faɗa. Ni ma da na ji sai da zuciyata ta yi tsalle, har na fara hango manyan dakunan kallo a tsaye suna tafi. Na ce sai na tambaya.

Juma'a, bayan la'asar

Na tambaya. Inna ta ce wancan ba na sayarwa ba ne, kuma ba ita kaɗai ke da shi ba, gida goma sha tara ne. Na koma na gaya wa Hoja a'a. Ya yi fushi, ya ce ina zubar da zinariya a teku, ya zagaya otal sau biyu yana shan sigari. Da ya dawo ya ce wa Bulent ya tura min a waya ya goge nasa a gabana. Har yanzu ba ya min magana sosai, amma ya aiko min da alewar baklawa.

Asabar, 23 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Motoci sun tafi. Na ce zan biyo su ranar Litinin. Mai shayi ya ce mutumin ya sauko jiya ya zauna a teburinsa na kullum, ba wanda ya zauna da shi, amma ɗan Ramiz Oruch da zai fita ya ce masa sannu. Ban san yadda nake ji da wannan ba. Ban yafe ba. Ba wanda ya ce in yafe.

Lahadi, 24 ga Satumba, da azahar

Muna kicin, Inna na yanka albasa, ba ta dube ni ba ta ce wai abin nan yana cikin wayata. Na ce e. Ta ce in kunna.

Na ajiye wayar a kan teburi kusa da gishiri. Muryar ta fito da kukan tsuntsayen teku a bayanta. Inna ta ci gaba da yanka, amma duk sunan da ya kira sai ta faɗi na matarsa a hankali, wadda ta rasu ta ce Allah ya ji ƙanta. Aka zo dogon shirun, wuƙar ta tsaya. Ya ce Nazmi. Sautin ya ƙare.

Ta share ido da bayan hannu ta ce albasar bana zafi gare ta. Ta ɗora tukunya, ta wanke hannu, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Sake kunnawa," ta ce.